Sanduna Takwas, Tsawo Ɗaya

Ni ban taɓa iya golf ba, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Sunana Ɗahiru, likitan dabbobi ne ni, shanu da dawakai na sani. Shekarar da aka yi rabon Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, aka ƙara mini girma, aka ba ni gida a Nassarawa GRA, gidan da wani Bature ya tashi ya bar mini mangwaro huɗu da karen da ba ya jin Hausa. Lokacin arzikin man fetur ya buɗe, duk wanda ya sami kujera sai ya sayi Fijo, ya shiga kulob, ya fara buga ƙwallon lambu, wato golf, da yamma, don a can ake haɗuwa da manya. Ni ma na bi sahu. Da aka tura ni kwas na wata uku a Ingila na dawo da jakar sanduna sabuwa fil. Mai kantin ya tambaye ni wacce nake so, na nuna masa wadda ta fi ƙyalli.

Ashe ta gwanaye na ɗauko. Sandunan ƙarfe takwas ne a ciki, daga lamba uku zuwa tara, sai ta takwas wadda ake fitar da ƙwallo daga rairayi da ita. Kowace da tsawonta, kowace da irin tsayuwar da take so, kawunansu kuma sirara kamar wuƙa. In ba ka sami ƙwallon a tsakiyar fuskar ba, ko da faɗin farce ka kuskure, sai hannunka ya yi tsami, ƙwallon ya gangara cikin ciyawa a gaban jama'a. A wasan akwai abin da ake kira handikaf, wato yawan bugun da ake yafe wa mutum saboda rashin iyawarsa. Gwani ana yafe masa biyu ko uku. Ni ashirin da takwas ake yafe mini, kuma don ba a wuce nan ne aka tsaya.

Mutum ɗaya ne yake da irin lambata a kulob ɗin, maƙwabcina Alhaji Mahmudu, wanda shingen ƙaya kawai ya raba gidajenmu. Injiniyan ruwa ne da ya yi ritaya, ya girme ni da shekara goma sha biyar, yana fama da ciwon baya tun wata faɗuwa da ya yi a wurin haƙar rijiya. 'Ya'yansa huɗu duk sun yi aure sun watse, gidan daga shi sai matarsa Hajiya Sakinatu. Mu biyu ne kullum a ƙarshen fili, masu iyawa suna wuce mu suna ɗaga mana hannu irin na tausayi.

Wata ranar Alhamis, bayan na zubar da ƙwallo uku a cikin kwari, ya zauna a gindin maɗaci ya tambaye ni wace sanda ce ba ta cika ba ni kunya ba. Na ce bakwai. Ya ce shi ma ita ce. Sai ya ce to ai ciwonmu a fili yake, an ba mu sanduna takwas masu tsawo takwas, ana so mu koyi tsayuwa takwas da sunkuyo takwas, alhali bayansa sunkuyo ɗaya ya rage masa, ni kuwa ko ɗayan ban gama koya ba. Me zai hana a mayar da su duka tsawon bakwai? Kwanciyar fuskar kowace ita za ta raba nisa, mu namu tsayuwa ɗaya da lilo ɗaya. Kuma a nemo kawuna masu faɗi, masu kaurin gindi, waɗanda in ka kuskure tsakiya za su yafe maka su kai ƙwallon gaba duk da haka.

A bayan kulob akwai sito cike da tsofaffin sandunan da Turawa suka bari da za su koma gida. Sati uku Alhaji yana shiga yana fita da tsatsa a riga. Ya ɗauki kai ya juya shi, ya shafa gindinsa da babban yatsa, ya ajiye. Duk wanda ya yi kyau a ido ya ce ba namu ba ne. Daga ƙarshe ya tara takwas, munana, masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, babu biyu da suka fito daga gida ɗaya. Sai dai ƙotocinsu duk sun ruɓe, nasa ma haka. Nawa ne sababbi. Da ya nemi in ba da su a yanka, sai da na kwana biyu ban ba shi amsa ba. Ban taɓa sayen abin da na yi alfahari da shi kamar jakar nan ba, ko da yake ba ta taɓa yi mini rana ba.

Ranar Asabar da hantsi na kai masa su gareji. Ya cire kawunan Ingila ya watsa a kwali, ya ɗauko zarton ƙarfe. Ƙotocin da suka fi bakwai tsawo ya rage su, waɗanda ba su kai ba ya yi musu ƙari da guntayen da ya yanko. Ya narka darma a gwangwanin madara a kan risho, yana ɗiga ta a bayan kawunan da ba su da nauyi, masu nauyi kuma yana goge su da magagari, yana aunawa a sikelin da Hajiya ke awon fulawa, har duka takwas suka zo daidai. Ni aikina riƙewa da yin shiru.

Wajen azahar Hajiya ta shigo da zoɓo a tire, ta zo karɓar sikelinta. Alhaji ya ɗaga sanda ɗaya yana dariya.

"Hajiya, ki zama shaida. Kawunan nawa ne, ƙotocin na Likita. Duk wanda ya riga wani tafiya, ɗayan ya riƙe duka."

Ta dubi ɗigon darmar da ya daskare a kan sikelin, ta ce Allah ya kyauta, ta ɗauki kayanta ta fita.

Shekara uku muka yi da sandunan nan, jaka ɗaya a kan 'yar amalanke, muna ja bi da bi. A kulob aka sa mana suna masu tsintsiya. Wani babban sakatare ya tambaye mu ko a kasuwar Kurmi muka saro su. Amma ƙwallo ya fara tashi. Ban zama gwani ba, kada in yi ƙarya, sai dai handikaf ɗina ya sauko zuwa goma sha tara, na Alhaji ashirin da ɗaya, kuma ya daina dafe ƙugu in ya gama bugu. A duk rayuwata ban san wani jin daɗi da ya kai na yammacin nan ba. Kullum ana idar da la'asar zan zo kafar da muka buɗe a shinge in yi gyaran murya, ya fito yana ɗaura igiyar takalmi. Hajiya tana zaune a baranda, kujerarsa a gefenta, in gaishe ta, ta amsa, mu wuce. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin me take yi bayan mun tafi ba.

A ƙarshen daminar 1978 ne, muna rami na goma sha ɗaya cikin ramukan da ake jefa ƙwallo, ciyawa shar. Ya dubi nisan, ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Likita, miƙo mini bakwai."

Na miƙa masa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sandar, sai gwiwoyinsa suka saki. Na tallabe shi, na kira sunansa, na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, amma leɓensa bai motsa ba. Kafin mu isa asibiti a motata rai ya yi halinsa. Washegari da safe muka kai shi makwancinsa.

Ran sadakar uku Hajiya ta aiko a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, labule a sake, ina jin motsin mata cike da ɗakin. Bayan gaisuwa ta tambaye ni, tunda ni ne a wurin, me ya faɗa a ƙarshe. Shekara ashirin ina gaya wa makiyayi gaskiyar abin da ya kashe saniyarsa, ban saba da wata hanya ba. Na ce mata ya ce in miƙo masa bakwai. Wata tsohuwa ta ja salati a hankali. Na ƙara da cewa na laƙƙana masa shahada amma bai iya amsawa ba. Hajiya ta ce ta gode. Na fito ina ganin na sauke amana.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado, aka gayyace ni a matsayin maƙwabci kuma aminin mamaci. Wani dattijon malami daga Gawuna, Malam Ya'u, shi aka ɗauko. 'Ya'ya maza uku suna nan, Zubairu babba, da Idi ɗan kwangila, da Ɗanladi, sai ƙanwarsu Mairo a bakin ƙofa. Hajiya tana ciki tana takaba. An gama da manyan abubuwa, aka shimfiɗa tabarma a falo aka fara fito da ƙanana, riguna da agogo da rediyo da dardumai. Sai Ɗanladi ya jawo jakarmu daga gareji ya zazzage ta.

Malam Ya'u ya jera sandunan a kan tabarma, ya daidaita gindinsu da gefen hannu, sai ya ga samansu ma ya daidaita. Ya tambaya ko mene ne, Zubairu ya ce sandunan wasan Alhaji ne. Malam ya auna ɗaya da taƙi, ya auna wata, ya jinjina su a hannu, ya ƙirga. Na ga fuskarsa ta washe. Ya ce takwas ne, kuma tsawo ɗaya nauyi ɗaya, ba sai an kira mai kimantawa ba. Tumunin takaba ɗaya ke nan, saura bakwai, maza uku bibbiyu, mace ɗaya. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa ganin gadon da ya raba kansa da kansa haka ba. Har yau ina cewa da irin na kowa ne, wata doguwa wata gajeruwa, da ya tsaya ya tambaya ko tare suke tafiya. Aikin da Alhaji ya yi sati uku yana zaɓe, ya wuni yana aunawa, shi ya sa aka ɗauke su kamar cokula.

Na yi gyaran murya na ce Malam ya gafarce ni, akwai magana. Na ce ba iri ɗaya ba ne, a duba fuskokinsu, kowace da nisan da take kai ƙwallo, in an raba su babu wadda za ta yi wa kowa amfani. Na ce ƙotocin ma nawa ne, daga Ingila na zo da su, kuma marigayi ya ce wanda ya rage a cikinmu ya riƙe duka. Ina magana ina jin yadda take fita, babban mutum da furfura a gemu yana jayayya a kan sanda, kwana arba'in da binne amininsa. Idi ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin Marsandinsa.

Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya cikin ladabi ko akwai wanda ya ji lokacin da marigayi ya faɗi haka. Na ce Hajiya tana wurin, ita ya sa shaida. Aka tura Mairo ciki. Ba ta daɗe ba ta dawo ta durƙusa, ta ce Hajiya ta ce ita ba ta san wannan magana ba, ba ta shiga harkar wasansu. Sai dai ta ce in har za a ba ta ɗaya, a ba ta wadda aka rubuta bakwai a gindinta.

Idi ya ɗago ya ce, a hankali yadda kowa zai ji, in sanda Baba Likita yake so ai sai a aiko masa da sababbi daga Landan, ba sai an kai ga haka ba. Malam ya yi addu'a aka shafa. A gabana kowa ya ɗauki nasa, Mairo ta shiga da biyu, tata da ta uwarta. Ko jakar ba ta tsira ba, a kason Ɗanladi ta faɗa.

Kafin sati ya zagayo maganar ta gama GRA. A masallaci wanda ke matsawa ya ba ni wuri a sahu ya daina. A kulob, babban sakataren nan ya tambaye ni, yana dariya, ko na samu rabona. Wai Likita ya nemi cin gadon marayu. Marayun da ƙaraminsu ke da mota biyu. Na ari sandunan wani na gwada fita fili sau biyu, na koma gidan jiya, ƙwallo yana gangarawa a ciyawa, ga ba mai zama da ni a gindin maɗaci. Na daina zuwa.

Da abin ya ishe ni na tafi Badawa gidan Zubairu, don shi ne mai hankalinsu. A bakin get na tarar da maigadinsa yana yashe kwata da lamba biyar. Na tsaya ina kallon darmar da na riƙe da hannuna aka ɗiga tana shiga baƙin ruwa tana fita. Zubairu ya karɓe ni da mutunci, ya ji kunya, ya sa aka wanke ta. Amma ya ce ba zai iya ba ni ba, don in ya bayar ya ƙaryata mahaifiyarsa ke nan a gaban ƙannensa. Ya ce in Hajiya ta ce ta tuna, kalma ɗaya tak, shi da kansa zai bi gida-gida ya tattaro su ya kawo mini, kuma a gaban Malam Ya'u. Na ce zan jira ta fita takaba. A raina ina cewa baƙin ciki ne ya mantar da ita, in ta huce za ta tuna.

Na ƙirga kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ta fita na ƙara mata sati, sannan wata Talata bayan la'asar na bi ta kafar shinge. Tana baranda a inda ta saba zama. Kujerar Alhaji tana gefenta, an jingina sandar a jikinta. Muka gaisa, na yi mata barka da fita, na zauna a kan dakali. Na fara kewaye-kewaye, ina tuna mata wata Asabar da ta kawo mana zoɓo a gareji, sai ta katse ni.

"Na tuna, Likita. Kawunan nasa, ƙotocin naka, wanda ya rage ya riƙe duka. Sikelina bai sake awo daidai ba tun ranar."

Na ce to Hajiya, me ya sa? Na ce ta san abin da ake faɗa a kaina a gari.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara talatin da shida tana bin sa daga wannan gari zuwa wancan, yana daji wurin rijiyoyi, tana gida da yara, tana cewa in ya yi ritaya za su zauna. Ya yi ritaya, yara suka tafi, ta sa aka fito da kujeru biyu baranda. Sai ga ni a bakin shinge ina gyaran murya. Ta ce ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, tunda yana dawowa da fara'a, bayansa ma ya yi sauƙi, kuma ba wannan ne ya sa ta yi abin da ta yi ba.

"Wanda ya yi masa wanka ya aiko mini cewa fuskarsa da haske. Liman ya ce ya cika da imani. Duk ba sa wurin, amma kowa ya ba ni abin da zan riƙe. Kai kaɗai kake wurin. Na tambaye ka a gaban 'yan'uwansa da nawa, ɗaki cike, ka ce mini bakwai."

Na ce ita ta tambaye ni, kuma abin da ya faru ke nan, ƙarya take so in yi mata a kan mamaci?

"Da ka ce ka laƙƙana masa shahada, ka tsaya a nan, ai ba ƙarya ka yi ba. Yanzu duk wadda ta zo gaishe ni daga ƙauyensu, da maganar nan take shigowa a ido. Mutumin da bai taɓa barin jam'i ba, abin da aka riƙe masa ke nan, ya mutu yana neman sandar wasa."

Na so in ji haushinta kaɗai, kuma na ji, har yau ina ji, amma na san inda ta taɓa. Na ce to ta yafe mini, ta kira Zubairu ta faɗa masa kalma ɗaya, ba don sandunan ba ma, don sunana.

Ta ce ƙaryar da ta yi wa Malam ta san nauyinta, ita za ta amsa a gaban Allah, ba ta neman in taya ta ɗauka. Amma ba za ta janye ba. Alhaji ma nasa sunan ba wanda zai dawo masa da shi. Ta ɗora hannu a kan ƙotar sandar, wurin da fatar ta koɗe daidai yatsunsa.

"Wannan ya kira a ƙarshe. Bari ta zauna inda zan riƙa ganinta."

Na tashi na yi mata sallama, ta amsa kamar kullum, har da cewa in gaida gida. Ranar Juma'a ta sa mai lambu ya toshe kafar shingen da waya. Sauran bakwai ɗin ban sake ganinsu wuri ɗaya ba. Na ji Idi ya tafi da nasa Legas, Mairo kuma tana tokare tagar kicin da tata. Shekara huɗu na ƙara a gidan kafin a yi mini canjin wurin aiki, kuma ban sake taka filin ba. Duk la'asar in na dawo daga masallaci ina hango ta ta saman ƙaya, tana zaune a kujerarta, sandar a jingine a tasa.